Kurakuran da aka fi yi a gajeriyar ziyara zuwa Buenos Aires

Duk wanda ya dawo daga Buenos Aires, babban birnin Ajantina, ya zo min da ƙorafi, kafin ya buɗe baki na san abin da zai faɗa: ya kwana da yunwa, ya tarar da gidan tarihi a kulle, ko an yi awon gaba da wayarsa. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum bayan mutum, gara in rubuta kowa ya karanta.

Nama shi ne babban tarko. Mutanenmu sun ji labarin Ajantina ƙasar shanu ce, sai su faɗa gidan gashi, wanda can ake kira parrilla, su nuna hoton faranti mafi girma su ce a kawo. Sunan farantin parrillada, kuma ba naman sa kaɗai ke kansa ba. Akwai chorizo, niƙaƙƙen nama da aka ɗura a hanji, galibi da alade a ciki. Akwai morcilla, wadda jini ne aka dafa a hanji. Ni ma ya taɓa cin kuɗina. Aka dire min shi a kan ɗan kaskon garwashi, mai yana tsartuwa, ƙamshi ya cika wurin, har na ɗauki wuƙa. Wani baƙin abu a gefe ne ya tsaya min a rai, na tambayi mai kawo abinci, ya ce jini ne. Kuma duka a waya ɗaya aka gasa su, man wannan ya zuba kan wancan. Ban kai loma ba, amma na biya kuɗin faranti cif, har da cubierto, kuɗin zama da burodi da suke ɗorawa kowane mutum. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin tambaya ɗaya kafin oda da ta wadatar.

Abin da nake yi yanzu: ranar da na sauka nake wucewa Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahad da ke unguwar Palermo, wadda aka buɗe a shekarar 2000, in yi salla in tambayi masallata inda ake samun naman halal. Su ne 'yan gari, sun fi intanet sani. In na tsinci kaina a wani wurin cin abinci, sai in tsaya kan kifi, ko provoleta, wato gasasshen cuku, ko fiza mai albasa da ake kira fugazzeta a titin Corrientes, in kuma jaddada "sin jamón", ban da naman alade. Ko empanada, ɗan fanken nan mai ciko, kada cikin masara ko ganye ya ruɗe ka. Tambayi da wane kitse aka kwaɓa fulawar. Maganar yankan Ahlul Kitabi kuwa, kowa ya bi malaminsa, ba ni zan raba wannan gardama ba.

Sai agogo. Haba malam, ka je ƙasar mutane kana neman abincin dare ƙarfe bakwai? Yawancin gidajen abinci sai takwas suke buɗewa, 'yan gari kuma ba sa cika su sai tara da rabi ko goma. Ka sha shayi ko kofi da ɗan burodi wajen ƙarfe biyar kamar yadda suke yi, ka kishingiɗa, sannan ka fito.

Ranakun mako ma haka suke. Mutum ya ware kwana uku, bai duba wace rana ake me ba, ya dawo yana cewa garin ba abin kallo. Kasuwar tsofaffin kaya ta unguwar San Telmo, wadda ke cika titin Defensa har dandalin Dorrego, ranar Lahadi take ci. Gidan zane-zane na ƙasa, Bellas Artes, a rufe yake ran Litinin. MALBA, gidan zane-zanen Latin Amurka, kuma ran Talata. Iyayen nan mata masu fararen kallabi, waɗanda tun 1977 suke neman 'ya'yansu da gwamnatin soja ta ɓatar, ranar Alhamis da ƙarfe uku da rabi na yamma suke zagaya dandalin Plaza de Mayo, a gaban fadar shugaban ƙasa. In ka je, ka tsaya da ladabi. Ba wasan kwaikwayo suke yi don hotonka ba. Gidan kiɗa na Teatro Colón, da aka buɗe a 1908, ka sayi tikitin zagayensa tun da wuri. A ganina in Lahadi ba ta faɗo cikin tafiyarka ba, ka sake ranar jirgi.

Unguwar La Boca: gidaje masu launi-launi na Caminito 'yan layuka ne kawai. Ka je da rana, ka ga filin wasan Boca Juniors, ka koma a tasi. Masu kutsawa lunguna da waya a hannu su ke dawowa da kuka, kuma kada ganganci ya sa ka sanya rigar River Plate, babbar abokiyar hamayyar Boca, a can.

In ka ji an watsa maka wani abu mai wari a baya, nan take wani mai fara'a ya matso da tsumma zai goge maka, riƙe jakarka ka yi gaba. Abokin aikinsa ne ya watsa.

Sauran ƙanana ne. Yuli can hunturu ne, Janairu kuma zafi, kada ka ɗauki kaya da lissafin Turai. Ka nemi katin SUBE don bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. 'Yan canjin kuɗi masu kiran "cambio, cambio" a titin Florida, ni ba na bin su ɗaki. Jabun kuɗi ba ya sallama. A maƙabartar Recoleta kada ka yi ta yawon neman sunan Eva Perón, matar tsohon shugaban ƙasa Juan Perón, a ɗakin kabarin danginta, iyalan Duarte, take. Ladan mai kawo abinci kashi goma cikin ɗari ne, a hannu. In aka miƙo maka mate, shayin ganyen nan da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya, kada ka juya bututun, ka shanye ka mayar wa mai zubawa, kuma kada ka yi godiya sai ka ƙoshi, domin da ka furta ta za a tsallake ka a zagaye na gaba.