Darasi na 7: In manhajar ciniki ta daina shiga da kanta

Makon jiya mun saka MetaTrader, manhajar cinikin canjin kuɗi ta intanet, a kwamfutocin aji, kowa ya buɗe akawun ɗin demo, wato na kuɗin wasa, kuma muka saita ta yadda da ka kunna kwamfuta za ta buɗe ta shiga ba sai ka rubuta komai ba. Toh ranar Litinin sai ga ƙorafi ta ko'ina, wai ta daina shiga. Wani har ya goge ta ya sake saukewa sau biyu, data ta ƙare a banza, matsala na nan inda take.

Abin da nake so ya zauna a kanku shi ne manhajar nan ba ta ƙin aiki ta yi shiru, tana faɗin abin da ke damunta, mu ne ba ma karantawa. Kalmomin turanci ne kuma ba su da yawa, wanda ya iya karanta rasit ɗin POS zai iya karanta su.

Shiga da kanta ɗin nan aiki biyu ne aka haɗa. Na farko Windows ce ke buɗe manhajar, na biyu manhajar ce ke tuna abu uku, lambar akawun, faswod, da sunan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe akawun ɗinka a kamfanin da ka yi rajista da shi. Don haka kafin ka taɓa komai tambayi kanka, ba ta buɗe ba ne sam, ko ta buɗe ta tsaya a bakin ƙofa?

In ba ta buɗe ba sam, babu ruwan faswod. Danna maɓallin Windows haɗe da R, ɗan akwati zai fito, rubuta shell:startup ka danna Enter. Folda za ta buɗe, in ba ka ga hoton manhajar a ciki ba shikenan ka gano ɓarawon, kwafo wanda ke kan allo ka ajiye a nan. In yana nan, danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, nemi wajen da aka rubuta Startup, ka duba gaban sunanta. Disabled na nufin an kashe, Enabled an kunna. Yawanci yaran gida ne ke kashewa ko mai gyara da ya ce zai sa kwamfuta ta ƙara sauri. Sannan in kwamfutarka tana tambayar PIN da an kunna, duk abin da ke cikin foldar nan ba ya tashi sai ka wuce wannan ƙofar tukun.

Inda aiki yake shi ne in ta buɗe amma ba ta shiga ba. Kalli can ƙasa, kusurwar hannun dama. In lafiya lau ne za ka ga lambobi suna motsi. In ba lafiya ba za ka ga ɗaya cikin biyu, ko "No connection" ko "Invalid account". A rubuta su a littafi yanzu, manya-manya, don ma'anarsu ta sha bamban. Ta farko tana cewa ban samu hanya ba. Ta biyu tana cewa na samu hanya na je, an ce ba a san ni ba.

Wani dattijo a ajinmu, tela ne a Bolari, shi ne mai sauke-sauken nan da na faɗa. Ya ajiye laftof ɗinsa a gabana ya ce, "Malam, wallahi faswod ɗin nan ban canza ko harafi ɗaya ba, ga shi a takarda." Takardar ma bayan littafin awon kaya ce, ƙasan awon wata babbar riga. Na ce, "Baffa ku karanta min abin da ke ƙasa." Ya matso da tabarau ya haɗa baƙi a hankali, in-ba-lid. Na ce to hanya lafiya, mu duba abu ukun nan. Lamba daidai, faswod daidai, ashe wajen saba ne ya zaɓi wadda sunanta ya ƙare da Live alhali akawun ɗinsa na Demo ne. Kamar ka ɗauki katin banki kaza ka shiga layin wani bankin daban. Muka canza, ko minti ɗaya ba a yi ba lambobi suka fara rawa. Ya ce, "Ashe ɗinkin daidai ne, aljihun na sa a baya."

Kamfani ɗaya zai iya samun saba da yawa, sunansu kusan ɗaya sai lamba a ƙarshe ta bambanta, don haka koma saƙon imel da suka turo ranar rajista ka kwafa daidai yadda yake. Haka ma MetaTrader 4 da ta fito a 2005 da MetaTrader 5 ta 2010, kamfani ɗaya ne ya yi su, MetaQuotes, amma akawun ɗin wannan ba ya shiga waccan ko ka kwana kana gwadawa.

In saba daidai ce sai faswod. Duba ko fitilar Caps Lock na kunne. Sifili da harafin O suna yaudara, haka 1 da ƙaramin l. Wanda ya fi kama mutane kuwa, ka canza faswod a waya ka manta, ita kuma kwamfuta tana ta kai tsohon. Je File, zaɓi "Login to Trade Account", rubuta sabon, kuma kar ka manta ɗan akwatin da ke ƙasa na ajiye faswod, sa masa alama, in ba haka ba gobe ma sai ta tambaye ka. Akawun ɗin demo kuma wasu kamfanoni suna rufe shi in ya daɗe ba a taɓa ba, wannan ba gyara, sabo za ka buɗe.

Akwai wata da ke rikita mutane sosai. Ta shiga lafiya, kana ganin kuɗinka, amma ka kasa saye ka kasa sayarwa. Faswod biyu ake ba ka, babba na ciniki, da wanda ake kira investor na kallo kawai. Na kallon ka ajiye mata.

"No connection" kuwa yawanci netwok ne. Mu da muke jona kwamfuta da hotsifot na waya, manhajar takan riga intanet tashi, ka ɗan jira za ta sake gwadawa da kanta. In ta daɗe buɗe burauza ka ga ko wani shafi zai buɗe, in bai buɗe ba duba datarka. In ya buɗe danna kan rubutun nan na kusurwa ka zaɓi "Rescan servers". Asabar da Lahadi kuma kasuwar canjin a rufe take, sai wajen goma ko sha ɗayan daren Lahadi agogonmu take dawowa, farashi ya tsaya cak ba lalacewa ba ce.

Duk abin da ya shige maka duhu danna Ctrl da T, ƙasa za ka ga Journal. Nan ne take rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa. Karanta layukan da suka fi sabunta, in turancin ya yi nauyi ɗau hoto ka kawo aji, amma rufe lambar akawun da yatsa.

Sai agogo. Tsofaffin kwamfutocin nan na hannu da muke saye, akwai ɗan batir a ciki kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe lokaci in an kashe. In ya mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka su fara ƙin buɗewa. Lambobin tsaron nan da wasu akawun ke nema bayan faswod, masu canzawa duk daƙiƙa 30, su ma da agogo suke aiki, na'urar da ke fitar da su in lokacinta ya kauce ba za a karɓa ba. Saita yankin lokaci a West Central Africa, batir kuma masu gyaran kwamfuta suna da shi. Kuma ku sani in akawun ɗinka na neman irin wannan lamba, dole ka sa hannu, da gangan aka yi. Masu amfani da TWS, wata manhajar ciniki ta kamfanin Interactive Brokers, su ma, duk da tana iya sake tashi da kanta kullum, sau ɗaya a mako sai mutum ya shiga da hannunsa.

Wanda ya kwafe foldar manhajar a filash ya kai wata kwamfuta kar ya yi mamaki in ta nemi faswod, a ɗaure yake da na'urar farko. Kuma dan Allah akwatin ajiye faswod ɗin nan na kwamfutar gidanka ne kaɗai, ban da kafe, ban da shagon abokinka a babbar kasuwa, ban da na aji in akawun na gaske ne. Duk wanda ya ce a WhatsApp ko Telegram ka turo faswod zai saita maka, ko ka saka AnyDesk, manhajar da ke ba mutum damar shiga kwamfutarka daga nesa, ya shigo ya gyara, ka ce masa ka gode. Waɗanda suka ga yadda MMM ta ƙare a 2016 ba sai an yi musu dogon bayani ba. Maganar halaccin cinikin kansa da Hajiya ta tambaya, wannan a kai wa malaman fiƙihu, ni na kwamfuta ne.

Aikin gida. A akawun ɗinka na demo, da gangan ka zaɓi sabar da ba taka ba ka rubuta abin da ya fito a kusurwa. Gyara, sannan kashe datar waya ka sake rubuta abin da ya fito. Kwafo layi biyu daga Journal da hannunka. A zo da littafi ranar Laraba bayan la'asar, masu laftof su zo da caja.