Darasi na 7: Me Ya Sa Ruwa Ke Ɗaukar Wutar Lantarki?

Kowa ya sha jin gargaɗin kada a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Gargaɗin gaskiya ne. Sai dai tataccen ruwa, irin wanda masu gyaran batirin mota ke ƙarawa a batir, da ƙyar yake barin wuta ta ratsa shi. Abin da ya narke a cikin ruwa shi ke buɗe mata hanya.

Mu gwada a aji. A samo batir mai bolt 9, da ƙaramin ƙwan tocila na LED, da waya, da kofi biyu na tataccen ruwa. A tabbatar ruwa ne, ba asid ba. Kada kowa ya kuskura ya yi wannan gwaji da wutar gida, tana kisa. A haɗa batir da ƙwan, a tsoma bakin waya biyu a kofi ba tare da sun taɓa juna ba. Ƙwan ba zai kama ba, ko ya yi haske da ƙyar. A zuba sukari a motsa, shiru. A ɗaya kofin kuwa a barbaɗa gishiri kaɗan kaɗan, sai ga haske yana ƙaruwa.

Gishiri da sukari duka sun narke, to ina bambancin? Gishiri idan ya shiga ruwa rabuwa yake yi gida biyu, sodiyam da kuloraid, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowanne ɗauke da caji. Ana kiransu ayon. Masu cajin ƙari suna nufar wannan waya, masu cajin ragi suna nufar waccan, wannan zirga-zirga tasu ita ce wutar da ke ratsa ruwan. Sukari kuwa narkewa kawai yake yi, ƙwayoyinsa ba su da caji. Duk abin da ke yin irin na gishiri sunansa ilektirolait. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, ya fito da sunan a 1834, sannan Svante Arrhenius ɗan Suwidin ya yi bayanin rabuwar, har ya sami lambar Nobel a 1903. Kanwar da ke madafinku ma ilektirolait ce, haka ruwan toka.

Ruwan rijiya da na famfo duk suna da narkakkun gishirai. Gumi ma da gishiri, jininmu haka, shi ya sa wuta ke samun hanya a jikin mutum.

Nan ne nake so iyaye mata su saurara da kyau. Jijiyoyi da zuciya da waɗannan gishirai suke aiki, gudawa kuma tana kwashe su tare da ruwan jiki. Ruwa zalla ba ya mayar da su. Idan babu fakitin ORS a kusa, a haɗa tsabtataccen ruwa lita 1 da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. Sukarin yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin da ruwan. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, a kuma kai shi asibiti.

Aikin gida: ku zo da kanwa da lemon tsami a darasi na gaba, mu tsoma waya mu ga wanne zai fi haska ƙwan.