Ga masu son shuka koren wake a lambun gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan filinku ƙarami ne, ku nemi irin koren wake gajere, wanda ba ya yaɗo. Ba ya buƙatar sanda ko igiya, kuma cikin kwana 50 zuwa 60 za ku fara tsinka.

Babban abin lura shi ne lokaci. Wannan ba irin wakenmu na gona ba ne mai jure rana. Da zafi ya tsananta furensa zubewa yake yi, shi ya sa yake yin kyau a Jos. Mu da ke Kano ko Zariya, mu shuka daga Oktoba zuwa Nuwamba, ya yi 'ya'ya cikin sanyin hunturu kafin bazara ta shigo.

Ku shuka kai tsaye, ba ya son dashe. Zurfin rami kamar gaɓar yatsa, tazara kamar faɗin tafin hannu. Ruɓaɓɓen takin gida ya isa, don Allah a bar yuriya, ganye kawai za ta tara muku.

Ban ruwa a gindi ake yi, da safe. Idan waken ya fara 'ya'ya, ku riƙa tsinka duk bayan kwana biyu tun yana ɗanye shakaf, kafin ƙwayar ta kumbura.