Yadda ake haɗa doguwar kantar littattafai da ƙaramin injin CNC

Falankin filawud na kasuwa faɗinsa santimita 122 ne, tsawonsa 244. Ƙananan injinan CNC (injinan yanka da kwamfuta ke sarrafawa) irin su X-Carve kuwa, wurin yankansu bai kai mita ɗaya ba. Duk da haka za su fitar maka da kanta mai tsawon mutum, in ka bi aikin a tsanake.

Fara da auna kaurin katakon. Wanda aka ce milimita 18 ne, sau da yawa 17 da ɗoriya za ka samu, kuma falanki biyu daga shago ɗaya ma kan bambanta. Ka auna da kalifa (ma'aunin kauri) a wurare da dama, abin da ka samu shi za ka saka a zanenka na manhajar VCarve ko Fusion 360. Nan ne akasarin aiki ke lalacewa: ramin da katako zai shiga ya yi faɗi kanta ta riƙa rawa, ko ya matse har katako ya tsage.

Sannan kusurwa. Bakin yanka zagayayye ne, ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi, don haka harshen katako ba zai zauna daram a raminsa ba. A kowace kusurwar ciki ka ƙara ɗan huji daidai faɗin bakin. Wasu kafintoci na ganin hujin muni ne. Ka ɓoye shi ta gefen da ido ba ya kaiwa.

Kada ka taɓa babban falanki sai ka gwada haɗin a guntun katako. Ya shiga da dukan tafin hannu, ba da guduma ba.

Dogayen ɓangarorin gefe kashi-kashi ake yanka su. Ka huda ramuka biyu a katakon da kuma shimfiɗar injin, ka sa fegi. In an gama kashin farko, ka tura katakon gaba, ka mayar da fegin a ramuka na gaba. Ka tallafe jelar da ta fito waje da benci, don nauyinta kan ɗaga wurin da ake yanka.

Da baki mai milimita 6, kar ka wuce zurfin milimita 3 a zagaye ɗaya. Ka bar 'yan gadoji da za su riƙe guntun har a gama, daga baya ka cire su da kurfi. Sa takunkumi da gilashin kare ido.

Mai aiki a Kano ko Zariya ya tanadi janareta ko inbata, kuma ya alamta inda ya saita sifili, wato wurin da injin ke fara awo, domin in aka ɗauke wuta a tsakiyar yanka injin kan manta inda yake.

Daga nan sai sanfefa, ka haɗa komai ba gam tukuna ka ga zamansa, sannan ka shafa gam ka matse. Doguwar kanta a ɗaure ta da bango, musamman a gida mai yara.