Iyakwandishan a manyan bas na cikin gari: kurakuran da ke cinye mai

Aikin da iyakwandishan na bas yake yi a Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ɗaya ba ne da wanda yake yi a Legas da damina. Amma direbobi da masu motoci da yawa saiti ɗaya suke bari shekara ta zagayo, su kuma zauna suna kukan dizal.

Kuskuren da na fi gani shi ne murɗa sanyi zuwa digiri 18 da zarar bazara ta shigo. Wannan ba ya sa mota ta yi sanyi da wuri. Kwamfuresa, wato na'urar da ke matsa gas ɗin sanyi, dai zai wuni yana aiki ba hutu, domin ana buɗe ƙofa a kowace tasha, kuma kowane fasinja da ke zaune jikinsa na fitar da zafi kusan wat 100. Mutum 70 ke nan kilowat 7, ban da ranar da ke dukan rufi da gilasai. A bar saitin tsakanin digiri 24 da 26. Wanda ya fito daga zafin 42 zai ji daɗi, injin ma ya samu sararawa.

Wani kuskuren kuma shi ne ajiye mota a tsakar rana a rufe, a zo a kunna sanyi nan take. A nemi inuwa. In babu, a buɗe ƙofofi da tagogi iskar da ta gasu ta fita tukuna.

Ƙurar hunturu ita ce ake rainawa, kuma ita ta fi ɓarna. Tana toshe kwandensa da ke kan rufin bas, wato ɓangaren da ke fitar da zafi waje, da filtar ciki, a daidai lokacin da ba a kunna sanyi, don haka ba mai lura. Sai Maris ya zo a tarar injin na shan mai amma ba sanyi. Nan kuma a garzaya a ƙara gas, alhali wanki ake buƙata. Idan gas ɗin ne da gaske yake raguwa, to wani wuri na yoyo. A sa makanike ya gano shi ya gyara kafin a cika.

Da damina wasu na zaton injin sanyin ya huta tunda gari ya yi sanyi. Ba haka ba ne: ƙarfinsa da yawa a cire danshin iska yake tafiya. Tagar da aka bari a buɗe danshi take ta shigowa da shi, sannan a riƙa duba bututun da ruwa ke bi ya zuba waje kada ya toshe.

Masu sayen bas mai lantarki su ƙara kula, domin batirin da ke tuƙa motar shi ke ba da sanyi. Nisan da ta yi da caji ɗaya a Janairu ba za ta yi shi a Afrilu ba, don haka da watan da ya fi zafi za a tsara zirga-zirga da lokutan caji.