Yadda Ofishin Ƙididdiga Zai Ci Moriyar Ƙwararren da Aka Turo Masa

Ƙwararren da asusun IMF ko Bankin Duniya ke turowa don gyara lissafin tattalin arziki ba ya daɗewa, galibi mako biyu ne. Najeriya na samun irin wannan taimako daga cibiyar IMF mai suna AFRITAC West 2 da ke Akra, wadda ke kula da Ghana, Gambiya, Laberiya, Saliyo da Kef Bade. Ofishin da ya jira sai baƙo ya sauka kafin ya fara laluben fayil ya zubar da rabin lokacinsa.

Tun a takardar neman taimako a faɗi abu ɗaya da ake so: sauya shekarar ma'auni (shekarar da ake auna sauran shekaru da farashinta), ko fitar da alƙaluman wata uku-uku, ko gina jadawalin samar da kaya da amfani da su. Kafin ya iso a haɗa bayanan harajin VAT, na kwastam, na Babban Banki, kuɗin da gwamnati ta kashe a zahiri, da binciken rayuwar magidanta, kowanne da lambar sana'a bisa ISIC, tsarin duniya na rarraba sana'o'i. A ware ma'aikata biyu ko uku, su ne a gaban kwamfuta, baƙon yana gefe yana duba musu. Idan shi ya gina jadawalin da hannunsa, ranar da ya hau jirgi a Ikeja ba mai iya taɓa shi.

Shekarar ma'auni ana so a sabunta ta duk bayan shekara biyar. Najeriya ta zauna a kan 1990 har Afrilun 2014, lokacin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta koma 2010. GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasa ta samar a shekara, ya ƙaru da kusan kashi 89 cikin ɗari, ya kai wajen dala biliyan 510, saboda tsohon ma'aunin bai san girman wayar salula da fina-finai ba. A 2025 aka sake komawa 2019. An tsallake 2020 don korona ta hargitsa ta, kuma haka ya dace: shekarar da ba ta da hayaniya ake zaɓa.

Inda aikin ya fi wuya a Legas shi ne sana'o'in da ba su da rajista. Mu ɗauki kwandon tumatir a kasuwar Mile 12. A ce ɗan kasuwa ya saya naira 20,000 a Kano, mota da dako suka ci 8,000, ya sayar 35,000. Sabon ma'aikaci zai rubuta 35,000 a matsayin abin da kasuwar ta samar, kuma ya yi kuskure. Abin da fatauci ya samar shi ne tazarar saye da sayarwa, 15,000. A cire kuɗin mota da dako, saura 7,000, ita ce darajar da ya ƙara. Waccan 20,000 ta manomi ce, an riga an ƙirga ta a ɓangaren noma, 8,000 kuma ta masu sufuri. Wanda ya ruɓe a hanya ma sai an rage shi. Haka lissafin yake ga shanun da ke shiga mayankar Oko-Oba a Agege.

Yadda ake tambaya ma yana sauya amsa. Duk wanda ya ce "Alhaji, nawa ne ribarka?" za a ɗauke shi ɗan haraji, a ba shi adadin da zai sallame shi. A fara bi ta wajen shugabannin kasuwa, sannan a tambayi kwando nawa aka sauke jiya, nawa aka saya, nawa aka ba 'yan dako. Riba a fitar da ita a ofis. Kuma a koma sau biyu a shekara aƙalla, don farashin rani da na damina ba sa kama da juna.

Masu lissafin jiha suna da wani tarkon. Manyan bankuna da kamfanonin sadarwa hedikwatarsu na Legas, rahoton kuɗinsu kuwa na ƙasa baki ɗaya ne. A raba shi tsakanin jihohi gwargwadon albashin ma'aikata ko yawan rassa, in ba haka ba aikin reshen Sakkwato zai shiga asusun Legas.

Wajen cire tasirin tsadar kaya, kada a raba komai da ma'aunin farashin mabukata don shi ne a kusa. Masana'antar da ke ƙona dizal tana bukatar ma'auni biyu, na abin da ta sayar da na abin da ta saya.

Kafin baƙo ya tafi, a zauna a rubuta kowane adadi: daga ina ya fito, wane zato aka yi, wa ya yi. A lissafa shekarun baya da sabon ma'aunin don a iya kwatantawa. Rahotonsa ya zo da sunan mai ɗaukar kowane aiki da ranar kammalawa, a ajiye fayilolin a rumbun ofis, ba a kwamfutar mutum ɗaya da gobe za a iya yi wa canjin wurin aiki ba.