Yadda Ake Kwashe Tsofaffin Shirye-shiryen Talabijin Daga Kaset Zuwa Kwamfuta

A gidaje da yawa akwai kwalin kasakasan bidiyo da aka naɗi shirye-shiryen NTA Kaduna ko na CTV Kano a shekarun 1980 da 1990: wasan Samanja, labaran dare, hawan salla. Zaren kaset yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, kuma tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera na'urar VHS. Mai irin wannan kwali ya kwashe abin da ke ciki tun yana kunnuwa.

Kafin komai, leƙa zaren ta gilashin kaset. Idan ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, fumfuna ce. Kada ka sa shi a na'ura, don zai toshe hed, wato ɓangaren da ke karanta zaren, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ware shi sai an goge. Wanda yake da tsabta, ɓalle ɗan murfin da ke gefen da ake manna suna, don kada wani ya danna maɓallin naɗi bisa kuskure. Sannan ka tura zaren har ƙarshe, ka dawo da shi farko sau ɗaya. Zaren da ya shekara ashirin a naɗe yakan manne, wannan kuwa yana sassauta shi.

Hed shi ne inda aka fi yin ɓarna. Cire wuta, buɗe na'urar, za ka ga wata ganga mai sheƙi a karkace, a jikinta hed yake. Jiƙa farar takarda da sifirit irin na masu gyaran waya, mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ka dafa ta a jikin gangar a hankali, ka juya gangar da yatsa. Kada ka goga sama da ƙasa, kada kuma ka sa auduga: ƙwayar hed ƙarama ce ƙwarai, zaren auduga ɗaya zai iya tsinke ta, kuma samun wata yanzu sai an sha yawo. Bari ya bushe minti goma.

Haɗin ba wuya. Sayi ɗan akwatin ɗaukar bidiyo mai shiga USB, ka jona shi a kwamfuta, ka haɗa shi da na'urar bidiyon da wayoyi uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Manhajar OBS Studio kyauta ce kuma ta isa. Saita ta a PAL, tsarin hoton talabijin na Nijeriya, girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, sauti a 48 kHz. In ka bar ta a NTSC na Amurka, hoton zai riƙa birgima ko launi ya ɓace. Kasakasan da aka naɗa daga Télé Sahel ta Nijar kuwa na wani tsarin ne, SECAM, don haka sukan fito baƙi da fari a na'urar PAL. Kaset ɗin lafiyarsa lau, na'ura mai karanta tsari iri-iri yake buƙata.

Layukan da ke yawo a hoto yawanci daga tirakin ne, wato saitin yadda hed ke bin zaren, daidaita shi da rimot kafin ka fara ɗauka. In muryoyi suna gudu, an naɗi shirin a LP ne, wato zaren yana tafiya a hankali, na'urarka kuma SP, gudun da aka saba, kaɗai ta sani.

Ɗauka tana cin lokacin shirin cif, kaset E-180 awa uku ke nan. Saboda haka jona na'urar da kwamfutar a inbata. Wuta na ɗaukewa zare zai maƙale a ciki, garin fizgo shi kuma ake yamutsa shi. Rufe sauran manhajoji, in ba haka ba baki da magana za su riƙa saɓawa. A matsakaicin inganci, awa ɗaya tana cin kusan gigabait biyu.

Bar hoton a siffarsa ta 4:3. In aka miƙa shi ya cika faffaɗan allo sai kowa ya koma gajere mai ƙiba, abin ba kyan gani. Kada kuma ka yanke tallace-tallace da tambarin tasha, su ne sukan nuna shekarar da aka yi naɗin. Ajiye asalin fayil a wuri biyu, ka rage girman kwafi kawai don WhatsApp, domin yana matse bidiyo. Kafin ka ɗora a YouTube nemi izini, haƙƙin shirin na tashar ne ko da kaset ɗin naka ne. Kasakasan kuma ka jera su a tsaye, nesa da rana, laima da sifika.